An sayar da tsohuwar tasharmu, ƙaramar hukuma ta ƙi nuna takarda: me doka ta ce?

"Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwar garinmu. Bayan babbar salla muka wayi gari an kewaye tsohuwar tashar mota da kwano, aka ce ƙaramar hukuma ta sayar wa wani kamfani zai gina shaguna. Ba mu ji sanarwa ba, ba mu ga gwanjo ba. Mun rubuta wa ciyaman muna neman ya faɗa mana dalilin sayarwar da kuma nawa aka sayar. Yau wata biyu shiru. Da muka matsa, wani babban ma'aikaci ya ce wannan sirrin gwamnati ne, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. Shin haka ne? Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. In na fahimce ka, kana so ka san ko maganar wancan ma'aikaci tana da madogara, kuma idan ba ta da ita, ta wace hanya za ku tilasta a nuna muku yadda aka yi da tashar. Maganarsa ba ta da madogara. Amma wasiƙar da kuka rubuta, yadda ka bayyana ta, ita ma ta ba su ƙofar zillewa, kuma a nan zan fi daɗewa, domin a nan galibin masu irin ƙorafinku suke rasa haƙƙinsu tun ba a je gaban alƙali ba.

Shin dokar ta hau kan ƙaramar hukuma?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka fi sani da FOI, Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayun 2011, bayan ta shafe sama da shekara goma tana kai da komo a Majalisar Tarayya. A 2007 majalisar ta taɓa amincewa da ita, Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba. Tun da aka kafa ta jihohi da yawa suka riƙe hujjar da aka karanta muku, wato wai sai majalisar jiha ta yi tata dokar kafin ta hau kansu. Wasu, kamar Ekiti, suka yi tasu. Mafi yawa suka yi zamansu.

Ba za a ce hujjar daga sama ta faɗo ba, domin su kansu alƙalai sun rabu a kanta. A watan Maris na 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Akure ta ce dokar ta shafi jihohi, a cikin watan kuma takwararta da ke Benin ta ce ba ta shafe su ba. Shari'ar Benin ɗin ta Austin Osakue ce da abokansa, waɗanda suka nemi hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo ta nuna musu yadda ta kashe kuɗin wani shiri. Su ne suka haura har Kotun Ƙoli, ita kuwa a watan Afrilun 2025 ta rushe hukuncin Benin, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Daga ranar gardama ta ƙare. Ma'aikacin naku ko dai labarin bai iso shi ba, ko kuma ya yi zaton ku ne bai iso ba.

Batun sirri kuwa dokar da kanta ta yi maganinsa. Sashe na 28 ya ce buga wa takarda hatimin sirri, ko sa ta ƙarƙashin Dokar Sirrin Gwamnati, ba ya hana a bayar da ita. Dole a auna ta da togaciyar da ke cikin wannan doka, in ba ta faɗa ciki ba a miƙa. Sashe na 1 kuma ya ce ba sai mai nema ya faɗi dalilinsa ba. Ko ba ka da rumfa a tashar, ko ba ɗan garin ba ne kai, kana da ikon tambaya.

Wa ya sayar, kuma me aka sayar?

Kafin ku sake ɗaukar biro, ku tsaya a kan kalmar nan "an sayar". A bakin mutanen gari duk abin da ya fita daga hannun hukuma ya koma hannun mai kuɗi sayarwa ne, amma a cikin fayil yana iya zama abu daban-daban. Yana iya zama haya ta dogon zango. Yana iya zama yarjejeniyar da kamfani zai gina, ya ci moriya na wasu shekaru, sannan ya mayar. Yana iya zama takardar rabon fili kawai da wani jami'i ya sa wa hannu. Idan kuka tambayi takardar sayarwa alhali haya aka bayar, za su amsa da layi ɗaya cewa ba a sayar da komai ba, kuma a shari'a ba su yi ƙarya ba.

Sannan akwai batun mai iko da ƙasar. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu. Amma kula da tasha daban, mallakar ƙasar da take kai daban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Duk yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke ba da shaidar mallaka a cikinsa, kuma mai riƙe da irin wannan shaida ba zai miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna. Ikon ƙaramar hukuma na ba da izinin mallaka na gargajiya ya tsaya ne a filayen da ba na birni ba. Hedikwatar ƙaramar hukuma sau da yawa tana cikin yankin da aka ayyana birni. Idan garinku haka yake, to akwai fayil na biyu a ma'aikatar ƙasa ta jiha, ko a hukumar taswirar filaye irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, da kuma izinin gini a hukumar tsara birane. In kuwa aka duba babu fayil a can, wannan ma babban labari ne.

Na sha ganin ciyaman yana shan zagi a kan filin da daga babban birnin jiha aka aiko masa da umarni a kansa, shi nasa bai wuce rakiyar masu awo ba. Na kuma ga akasin haka, inda ake fakewa da sunan "sama" alhali a cikin sakatariya aka ƙulla komai. Shi ya sa nake ba da shawarar a aika wa wuraren biyu a rana guda. Dokar FOI ta ce hukumar da ta ga wata ce ta fi ta alaƙa da bayanin ta tura mata buƙatar cikin 'yan kwanaki ta kuma sanar da mai nema, amma kada ku zauna jiran wannan ladabi.

Wasiƙar da za ku rubuta

Kun tambayi ciyaman "dalili". Dokar ba ta tilasta wa jami'i ya zauna ya tsara muku hujja ko ya kare kansa ba. Ƙarfinta yana kan abin da ke rubuce a hannun hukuma: takarda, fayil, rasit, taswira, hoto, abin da ke cikin kwamfuta. Wanda ya tambayi dalili zai sami jawabi, in ma ya samu. Wanda ya ambaci takarda da sunanta ya bar wa hukuma zaɓi uku ne kacal: ta bayar, ta ƙi ta faɗi sashen da ta dogara da shi, ko ta rubuta cewa babu. Kowanne daga cikin ukun yana da amfani a gare ku.

Ku yi tunanin matakan da kadara ke bi kafin ta fita daga hannun hukuma ta halastacciyar hanya, kowane mataki yana barin sawu a takarda. Wani ya rubuta shawarar a rabu da ita. Majalisar kansiloli ko kwamitin kuɗi ya zauna ya amince, akawu ya rubuta bayanan zaman. An kira mai ƙiyasta darajar kadara ya ba da rahoto. An yi talla domin masu so su taya. An zaɓi wanda ya yi nasara, an sa hannu a yarjejeniya. Ya biya, baitulmali ya yanka rasit, kuɗin ya bayyana a asusun banki. A jihohi da dama sai an nemi amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi. To waɗannan za ku jera, kowanne da lambarsa: bayanan zaman da aka amince, rahoton ƙiyasi, kwafin tallar da inda aka buga ta, sunayen kamfanonin da suka taya da abin da kowanne ya taya, yarjejeniyar ko wace iri ce, rasit da shaidar shigar kuɗi asusu, wasiƙun da aka yi musaya da jiha, da shafin rajistar kadarori inda tashar take. Ku rubuta "sayarwa, haya, jingina, musaya ko kowace irin yarjejeniya" domin toshe waccan ƙofa. Ku faɗi inda filin yake dalla-dalla, ku kuma iyakance lokaci, misali daga farkon zangon wannan shugabanci zuwa yau. A kan takardar ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa buƙata ce a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Zargi da baƙar magana ku ajiye su a gida. Duk kalmar zafi da ta shiga wasiƙar, lauyansu zai karanta ta a kotu ya ce siyasa ce ta kawo ku.

Abin da ya sa nake nacewa a kan rasit da bayanan zama tare shi ne kwanan wata. A wata shari'a da na yi wa wasu masu rumfuna, bayan dogon jeka-ka-dawo aka miƙo mana fayil siriri mai launin ƙasa, an ɗaure shi da zare. Duk abin da ake buƙata yana ciki, har muka fara tunanin komai ya bi ƙa'ida. Sai da muka shimfiɗa takardun a tebur bisa jerin ranaku muka ga rasit ɗin biyan kuɗi ya girmi zaman da aka ce a nan aka amince da cinikin, rahoton ƙiyasi kuma shi ne auta. Wato an karɓi kuɗi, sannan aka nemi izini, sannan aka tambayi darajar abin. Babu wanda ya yi mana bayanin wannan, ranakun ne suka faɗa.

Sai batun shaidar miƙawa, wanda mutane ke rainawa. Ku yi kwafi biyu, ku kai ofishin rajista, a buga wa naku hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu. Akawun rajista yakan ce hatimi yana wurin oga, oga kuma ya fita. Kada ku yi musu da shi, shi ma tsoro yake ji. Ku tafi kamfanin aika saƙo ku tura da sunan ofishin ciyaman da na sakatare, ku adana takardar da ke nuna ranar da aka karɓa da wanda ya karɓa. Ba tare da wannan ba lissafin kwanaki ba shi da mafari. Ga 'yan ƙungiyarku da ba sa rubutun boko, dokar ta yarda wani ya nema a madadinsu, ta kuma ce jami'in da aka yi wa buƙata da baki ya rubuta ta ya ba mai ita kwafi. Kuɗin da za a caje ku bai wuce na kwafe takardu ba.

Hujjojin da za su kawo

Idan suka amsa da ƙi, kusan kullum abu biyu suke riƙewa. Na farko sirrin kasuwancin kamfanin da ya saya, a ƙarƙashin sashe na 15. Wannan sashe yana kare sirrin sana'a da bayanan kuɗi na wani da bayyana su zai cutar da shi, da kuma tayin da ake kan tantancewa, domin kada wani ya leƙa farashin abokin takararsa. A ganina wannan hujja tana da ƙarfi kafin a rufe ciniki, bayan an rufe kuwa ƙarfinta ya ragu ƙwarai. An riga an kewaye fili da kwano, wace gasa ce ta rage da za a ɓata? Kuma farashin da hukuma ta karɓa ba sirrin kamfani ba ne, kuɗin shiga ne na jama'a. Sashe na 2 ma ya sa bayanan karɓa da kashe kuɗin hukuma cikin abubuwan da ya kamata ta wallafa da kanta ko ba wanda ya tambaya.

Na biyu shi ne sirrin mutum, sashe na 14. Wannan yana da gaskiyarsa: lambar asusun mai saye, lambar wayarsa da adireshin gidansa ba ruwanku da su. Amma sashe na 18 ya ce a cire abin da aka keɓe a ba da saura. Saboda haka ku riga su, ku rubuta a wasiƙarku cewa kun yarda a shafe irin waɗannan. Kuma sashen na 14 da kansa ya ce idan maslahar jama'a ta rinjayi sirrin mutum, a bayyana.

Akwai amsa ta uku da ta fi waɗannan yawa a ƙananan hukumomi: fayil ya ɓace, ko tsohon shugaba ya tafi da shi, ko ruwa ya ci. Wani lokaci gaskiya ce, duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiyar takardu na sakatariya ya san halin da yake ciki. Ku roƙi a rubuta muku hakan a takarda mai hatimi. Hukumar da ta sa hannu cewa ba ta da rahoton ƙiyasi ko bayanan zama a kan kadarar da ta fita daga hannunta ta ba ku makamin da ya fi fayil ɗin kansa kaifi. Wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, sashe na 10 ya tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba.

Kotu da lissafin kwanaki

Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa, amma sai ta sanar da ku a rubuce. Shirun da ya wuce wa'adi doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi. Daga nan kuna da kwana 30 ku shigar da ƙara, sai dai in kotu ta ƙara muku lokaci. Ku ga inda wata biyunku ya kai ku. Maimakon ku je roƙon ƙarin lokaci a kan wasiƙar da dama ba ta ambaci takardu ba, ku rubuta sabuwa, lissafi ya faro daga farko.

Tunda da ƙaramar hukuma kuke yi, Babbar Kotun Jiha ce nake ganin ta fi aminci, don kada a ɓata watanni ana jayayya a kan hurumi. Lauyanku ya duba dokar ƙananan hukumomi ta jiharku, domin da yawansu suna buƙatar a ba da sanarwar niyyar kai ƙara, galibi ta wata guda, kuma wannan yana iya cin karo da kwana 30 ɗin. Ni nakan aika sanarwar washegarin cikar wa'adin amsa. A kotu nauyin kawo hujja yana kan hukuma, ita za ta gamsar da alƙali cewa tana da ikon hanawa, kuma alƙali na iya karɓar takardun ya duba da idonsa. An tanadi tarar naira 500,000 ga wanda aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, sai dai kada ku sa rai da ita sosai, ba kasafai ake kaiwa can ba. Dokar ta ce a saurari irin wannan ƙara cikin hanzari, amma ka tuna shari'ar Osakue ta haura shekara goma kafin ta ƙare. Yawancin waɗanda na gani ba sa kaiwa hukunci ma: ranar da sammaci ya isa sakatariya sai fayil ɗin da ya ɓace ya bayyana.

Abin da dokar ba za ta yi muku ba

Ba za ta dawo muku da tasha ba, ba kuma za ta tsayar da gini ba. Takarda kawai za ta ba ku. Rushe cinikin wata shari'a ce daban, mai buƙatar ku nuna yadda abin ya shafe ku da kuma ƙa'idar da aka karya, ita kuwa ƙa'idar ta danganta da dokar ƙananan hukumomi da ta sayen kaya da sayar da kadarorin gwamnati ta jiharku. Dokar tarayya ta 2007 a kan wannan ba kai tsaye take hawa kan kadarar ƙaramar hukuma ba. Tunda ban ga takardunku ba, ba zan yanke cewa cinikin haramtacce ne ba. Rashin gwanjo alama ce mai ƙarfi, amma ba ita kaɗai ake dubawa ba. Ku bincika kuma ko zaɓaɓɓen shugaba ne ya sa hannu ko kantoma, domin hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin ƙananan hukumomi 774 ya ce tsarin mulki bai san shugabannin riƙo na naɗi ba.

Yayin da kuke jiran amsa akwai abin da ba sai kun roƙi kowa ba. Sunan kamfanin yakan kasance a allon da aka kafa a bakin filin. Ku bincika shi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku ga ranar da aka yi masa rajista da masu shi, tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana masu riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye. Kamfanin da aka haifa sati kaɗan kafin ciniki, ko wanda sunan ɗan gidan wani jami'i ya fito a cikinsa, magana ce ta Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, a Kano kuma har da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha. Ku aika kwafin wasiƙarku ga babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha, shi ke da hurumin tambayar ko kuɗin ya shiga asusu. Ƙungiyoyi irin su Media Rights Agenda da SERAP, da CITAD a Kano, sun daɗe suna aiki da wannan doka, ba laifi ku tuntuɓe su.

Zai yi kyau ku yi magana da shi kansa mai sayen, ba da faɗa ba. Abin da ya faru a Kano a watan Yunin 2023 ya isa ya sa kowane mai kuɗi ya so a bayyana takardunsa. Sabuwar gwamnati ta rushe gine-gine a filayen da ta ce wadda ta gabace ta ta raba ba bisa ƙa'ida ba, har da shagunan Filin Idi da ginin tsohon otel ɗin Daula. Masu shagunan Filin Idi suka je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. 'Yan kasuwa sun yi asarar dukiya, diyyar kuma daga baitulmalin jama'a za ta fito. Mai sayen da ya san ya bi hanya yakan fito da kwafin yarjejeniyarsa da hannunsa, na ga an yi haka.

Idan kuka ga an fara zuba tubali gadan-gadan, kada ku jira sakamakon neman bayanai. Ku sa lauya ya duba yiwuwar neman umarnin dakatar da aiki, domin alƙalai sun fi saurin tsayar da ginin da ke matakin tushe a kan wanda ya kai linta. Kuma tun yanzu ku zauna a matsayin ƙungiya ku rubuta matsaya, a sa hannun mutum fiye da ɗaya a kan wasiƙar. Da zarar ta isa sakatariya, akwai yiwuwar a kira shugabanninku gefe a yi musu tayin shaguna a layin gaba na sabon ginin, kuma buƙatar da mutum ɗaya ya sa wa hannu shi kaɗai zai iya janye ta.